Afrotronix: ɗan N'Djamena da ya sa kwamfuta bin kiɗan gida

A watan Nuwamban 2018, a birnin Accra na ƙasar Ghana, aka bayyana wani ɗan Chadi a matsayin gwarzon DJ na Afirka a bikin raba kyaututtukan waƙa na AFRIMA. Sunansa na asali Caleb Rimtobaye, amma an fi saninsa da Afrotronix. Shi ne mutumin nan da ke hawa dandamali da wata hula mai kama da kwalkwali ta rufe masa fuska, ga jita a rataye, ga kwamfuta a gabansa. A wancan lokaci mutanen garinsu na N'Djamena da kyar suke samun irin wannan labari a wayoyinsu, domin hukumomi sun toshe shafukan sada zumunta tun watan Maris na shekarar, kuma ba a buɗe su ba sai a watan Yulin 2019.

Afrotronix yana ɗaukar kiɗe-kiɗen gargajiya na kudanci da arewacin Chadi ya haɗa su da sautin na'urorin lantarki. Masu wannan sana'a sun yi yawa a Afirka a yau. Abin da ya sa aikinsa ya cancanci a tsaya a duba shi ne tambayar da yake tayarwa, wadda ta shafi duk al'ummar da ke da ganga da goge a gida: idan kiɗan kakanni ya shiga kwamfuta, wa ke bin wani? Na'urar ce ke lanƙwasa kiɗan, ko kiɗan ne ke lanƙwasa na'urar?

Daga majami'a zuwa Kanada

Caleb ɗan fasto ne, daga al'ummar Sara ta kudancin Chadi, kuma a majami'a ya fara waƙa tare da 'yan'uwansa. A cikin shekarun 1990 shi da 'yan'uwan nasa da wasu abokan ƙuruciyarsu 'yan gidan Ledjebgue suka kafa ƙungiyar H'Sao. Harafin farko na sunan an ɗauko shi ne daga kalmar Faransanci mai nufin tsattsewa. Sao kuwa sunan tsohuwar al'ummar nan ce da ta zauna a bakin kogin Chari da kudancin tafkin Chadi, wadda har yau ake tono tukwanenta da mutum-mutuminta na yumɓu a wurare irin su Gaoui, kusa da N'Djamena.

Da farko ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, sai suka dogara da muryoyinsu da tafi. Wannan rashi ne ya zame musu makaranta. Wanda ba shi da ganga dole ya koyi yadda zai fitar da amonta da baki, wanda ba shi da piyano kuma dole ya san yadda zai jera murya huɗu ko biyar su zauna a kan juna ba tare da wata ta danne wata ba.

A shekarar 2001 ƙungiyar ta wakilci Chadi a wasannin ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci da aka yi a Ottawa da Hull na ƙasar Kanada, inda ta samu lambar tagulla a gasar waƙa. Bayan gasar sai suka zauna a birnin Montréal. A can suka fitar da kundin waƙoƙinsu na farko a 2003, sannan Vol 235 a 2009, wanda sunansa ke tuna lambar kiran wayar Chadi, sai Oria a 2013 da Saar a 2015. Suna waƙa da harshen Sara da Larabcin Chadi da Faransanci, kuma Caleb ne mai kaɗa jita.

A wajen tsakiyar shekarun 2010 ne ya ware wani aiki nasa na kansa ya sa masa suna Afrotronix, wato Afirka da lantarki a haɗe. Kundin farko, Nomadix, ya fito a 2017. Ya sha bayyanawa a hirarraki cewa ya gaji da yadda kasuwar waƙa ta Turai da Amurka ke ware mawaƙan Afirka a rukuni guda, ana jiran su zo da tufafin gargajiya su nuna abin da ya wuce. Shi yana son ya nuna Afirkar da ke tafe, amma da kayan da ya gada.

Yadda ake haɗa irin wannan kiɗa

Mai sauraro zai iya zaton aikin ba shi da wuya: a ɗauki muryar wata tsohuwa a ƙauye, a ɗora mata ganga ta kwamfuta, shi ke nan. Haka ɗin ma wasu ke yi, kuma kunne yakan gane da wuri. Wahalar tana wurare uku.

Na farko shi ne lissafin bugu. Kiɗan rawa na lantarki da ya fito daga Amurka da Turai, irin su house da techno, an gina shi a kan bugu huɗu masu tazara ɗaya, sau 120 zuwa 130 a minti. Da yawa daga kiɗe-kiɗen yankinmu kuwa suna tafiya ne da lissafi biyu a lokaci guda: hannu ɗaya na ƙirga uku-uku, ɗayan na ƙirga biyu-biyu, sai su haɗu su rabu su sake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu a wajen biki ya ji wannan ko da bai san sunansa ba. Manhajojin haɗa kiɗa suna da wani maɓalli da ke janyo kowane bugu ya zauna daidai kan layi. Idan aka danna shi ba tare da lura ba, sai ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan da ke sa kafaɗa motsi su ɓace, kiɗan ya koma kamar tafiyar agogo.

Na biyu shi ne matakan sauti. Piyano ya raba sauti gida 12 daidai wa daida. Gurmi da goge da garaya, haka ma kinde, molon Sara mai tsirkiya biyar, da kunne ake saita su, gwargwadon muryar mai waƙa, kuma galibi a kan matakai biyar suke yawo. Wani sautin nasu yana faɗawa ne a tsakanin maɓallai biyu na piyano. Manhajar gyaran murya, wadda aka fi sani da Auto-Tune, takan ɗauki wannan a matsayin kuskure ta gyara shi, alhali shi ne daɗin waƙar.

Na uku shi ne tsawon lokaci. Kiɗan biki ko na noma ba shi da minti uku. Yana tafiya ne da jama'a: mai waƙa ya bayar, 'yan amshi su karɓa, wani ya shigo fili a juya kiɗan dominsa. Na'ura kuwa tana yanko ɗan guntu ne, daƙiƙa huɗu ko takwas, ta yi ta maimaita shi.

A waƙoƙin Afrotronix ana jin ƙoƙarin warware waɗannan matsaloli ta hanyar fara gini daga gida. Ƙashin bayan da yawa daga cikinsu shi ne sai, salon kiɗan kudancin Chadi da ƙungiyar Tibesti ta yi suna da shi a birane. A kansa yake ɗora jita mai salon hamada, irin wanda aka sani a wajen Abzinawa, da rera waƙa irin ta Gorane da ta Larabawan Chadi. Sautin lantarki mai nauyi yana zuwa ne ya cika gurbin da ya rage. A wajen wasa ma ba ya barin kwamfuta ita kaɗai. Yana kaɗa jita da hannunsa, akwai mai ganga a gefensa, ana kuma haska hotuna a bango. Kasancewar mutum mai rai a kan ganga shi ke bai wa kiɗan damar yin numfashi.

Hular da ke rufe fuska

Hular da yake sawa sunanta Dom, kuma ya danganta ta da al'adar Sara ta shigar da samari sahun manya, wadda ake kira yondo. A wannan al'ada ana kai yara maza daji na tsawon makonni, a koya musu juriya da sirrin dangi da wani harshe na musamman, su dawo gida a matsayin sababbin mutane.

Ga baƙo, hular ado ce kawai mai kama da ta 'yan sama jannati. Ga ɗan Chadi da ya san tarihi, maganar ta fi haka nauyi. A 1973 shugaban ƙasar na farko, François Tombalbaye, ya ƙaddamar da abin da ya kira juyin al'adu. Ya sauya sunan babban birni daga Fort-Lamy zuwa N'Djamena, Fort-Archambault kuwa tun 1972 ya koma Sarh, shi kansa ya ajiye François ya ɗauki N'Garta. Daga nan ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati 'yan kudu su shiga yondo, manya da tsofaffi, ko suna so ko ba sa so. Kiristocin da suka ƙi sun sha azaba, an kashe wasu fastoci, an kori wasu 'yan mishan. Sojoji suka kifar da shi suka kashe shi ranar 13 ga Afrilun 1975.

Saboda haka idan ɗan fasto ya ɗauki alamar wannan al'ada ya ɗora a kansa da son ransa, yana taɓa wani tsohon miki ne tsakanin majami'a da gargajiya. Akwai kuma iyaka da al'adar kanta ta gindaya: abin da ake yi a dajin sirri ne, ba a faɗa wa mata da yara da baƙi. Duk makaɗin da ke ɗibar kaya daga irin wannan rumbu dole ya san abin da ya halatta a fito da shi fili da wanda za a bari a inda yake. Hausawa ma sun san irin wannan iyaka. Ba kowane kiɗan garaya ake yi a ko'ina ba, kuma tambari da kakaki na sarki ne.

Birni ɗaya, ɓangare biyu

Haɗa muryar Gorane da gangar Sara a waƙa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a Chadi. Ƙasar tana da harsuna fiye da 100, Faransanci da Larabci ne na hukuma, Larabcin Chadi kuma shi ne na kasuwa. A watan Fabrairun 1979 yaƙi ya ɓarke a cikin N'Djamena tsakanin dakarun shugaba Félix Malloum da na firaministansa Hissène Habré, dubban 'yan kudu suka tsere zuwa yankunansu. A 1980 aka sake gwabzawa na kusan wata tara, jama'a da dama suka ƙetare kogi zuwa Kousseri a Kamaru. Tun daga lokacin birnin ya ɗauki wani fasali da kowa ya sani: unguwannin arewa galibi na Musulmi, na kudu irin su Moursal da Chagoua galibi na Kirista. Kiɗan da ake ji a gidan biki a wannan ɓangare ba lalle a ji shi a wancan ba.

A gargajiyance ma kowane yanki da dokarsa. Masaniyar kiɗa 'yar Faransa Monique Brandily, wadda ta yi shekaru tana naɗar kiɗan Teda a duwatsun Tibesti, ta nuna yadda maza ke kaɗa keleli, wani ɗan molo, su kaɗai ko cikin 'yan tsirarun abokai, yayin da waƙa da ganga a bainar jama'a aikin wani rukuni ne na maƙera. Wannan ya yi kama da yadda ƙasar Hausa ta ware roƙo da kiɗa a matsayin sana'ar gado. A kudu kuwa, kiɗan kundu mai allunan itace da ganguna na taron gari ne. Kwamfuta ba ta san waɗannan shingaye ba. A cikinta sautin Tibesti da na Moyen-Chari za su iya zama a layi ɗaya, kuma matashin da ke rawa a N'Djamena zai ji na kakarsa kusa da na kakar maƙwabcinsa.

Ba shi ne farau ba

Kafin Afrotronix, makaɗan Chadi sun daɗe suna gwada haɗe-haɗe. Ƙungiyar Chari Jazz ta shekarun 1960 ta bi salon rumbar Kwango. Maître Gazonga, wanda ya rasu a 2006, ya naɗi shahararren faifansa Les Jaloux Saboteurs a Abidjan a tsakiyar shekarun 1980, saboda a lokacin can ne ake samun situdiyo. Mounira Mitchala ta ci kyautar Découvertes ta gidan rediyon RFI a 2007 da waƙoƙi masu tushe a gargajiya.

Amma wanda ya fi kusa da shi a tunani yana Yamai. Mamman Sani Abdoulaye ya samu wani piyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a cikin shekarun 1970, ya riƙa kaɗa waƙoƙin Fulani da na Abzinawa da shi, a hankali, ba murya. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa, kuma kwafi kaɗan aka buga. Shekara da shekaru 'yan Nijar na jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, bayan mai kamfanin, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai. Daga nan aka fara gayyatar Mamman Sani wasa a Turai.

Labaran biyu sun haɗu a wuri ɗaya mai ɗaci: sai da aka yaba a waje kafin sunan ya dawo gida da ƙarfi. Dalilan a fili suke. A Chadi, kimanin mutum 1 cikin 10 ne ke da wutar lantarki, kuma situdiyo ba ya aiki sai da wuta ko janareta. Kuɗin intanet yana da tsada. Wuraren wasa kaɗan ne, irin su cibiyar al'adun Faransa da gidan al'adu na Baba Moustapha, sai bukukuwan shekara kamar N'Djam Vi da Dary. Akwai hukumar kare haƙƙin mallaka, BUTDRA, amma waƙa ta fi yawo daga waya zuwa waya ba tare da ko sisi ya isa hannun mai ita ba.

Abin da ake iya rasawa

A cikin watan da Afrotronix ya karɓi kyautarsa a Accra, Malam Mamane Barka ya rasu a Yamai. Barka, wanda 'yan Nijar suka sani da gurmi da waƙoƙin Hausa, ya tafi bakin tafkin Chadi a farkon shekarun 2000 ya zauna wajen Boukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koyi kiɗan daga hannunsa, ya kai shi har Turai. Bayan rasuwar su biyun, makomar biram ta rataya ne a kan ko an samu matasan da suka karɓa.

Wannan ne iyakar abin da na'ura za ta iya yi. Tana adana sautin tsirkiya, ba ta adana yadda ake zaɓen itace, da yadda ake jeme fata, da wace waƙa ake yi wa masunci, wace ake yi wa mai jego. Idan masu kaɗawa suka ƙare, mai kwamfuta zai ci gaba da juya guntayen da aka naɗa, amma ba sabon da zai ƙaru.

Akwai kuma batun haƙƙi. Idan aka naɗi muryar wata mata tana waƙar daka a ƙauye, aka ɗora a waƙar da ake sayarwa a Montréal ko Paris, wa ya kamata a rubuta sunansa, wa za a biya? Dokokin haƙƙin mallaka an tsara su ne domin mutum ɗaya mai suna da sa hannu, waƙar gargajiya kuwa ta gari ce. Inda doka ba ta kai ba, sai amanar makaɗin: ya nemi izini, ya ambaci suna da gari, ya mayar da wani abu.

Ina Hausawa a wannan magana?

Hausawan Chadi jikokin fatake ne da mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka ta Fort-Lamy da Abéché da Sudan, wasu suka yada zango ba su ƙarasa ba, wasu suka tsaya a hanyar dawowa. Yaransu a yau suna Larabci a kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa a tsakar gida. Haka abin yake ga 'yan zango a Kamaru da Ghana da Sudan, sai dai harshen kasuwar ya bambanta. Ga irin waɗannan al'ummomi, waƙa tana cikin manyan igiyoyin da ke riƙe harshe.

Waƙar Hausa da ke isa gare su a waya galibi daga Kano da Kaduna take, kuma tun shekarun 1990 piyanon Yamaha ne ya mamaye waƙoƙin fina-finai, daga baya kwamfuta ta karɓa. Wannan ya sauƙaƙa aiki, ya ba dubban matasa sana'a. Sai dai ya zo da asara. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu kuma yana magana ne saboda makaɗi na matse tsirkiyoyinsa a hammata ya kwaikwayi wannan hawa da sauka. Kalangun da ke cikin piyano amo ɗaya gare shi, ba ya kiran sunan kowa, ba ya yi wa kowa kirari. Yaron da ya tashi da shi kaɗai ba zai gane abin da gangar Mamman Shata ke faɗa ba.

Ba a ce a jefar da na'ura ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zagaya duniya, kuma kuntigi akan yi shi ne da gwangwanin kifi da aka rufe da fata. Gargajiya ba ta taɓa ƙin sabon kaya ba idan ya faɗa hannun wanda ya san kiɗan. Abin da tarihin Caleb Rimtobaye ke nunawa shi ne tsarin da aka bi: shekaru na waƙa da baki da tafi, sannan jita, sannan kwamfuta. Ya san abin da yake so na'urar ta faɗa kafin ya kunna ta.

Matashin Bahaushe da ke da kwamfuta a N'Djamena ko Garoua ko Kumasi yana da abin da Afrotronix sai ya hau jirgi kafin ya samu: mai kalangu ko mai goge da ake kira idan ana biki a unguwa. Zama da shi, da naɗar kiɗansa da izininsa, da rubuta sunansa a jikin waƙar, da biyansa haƙƙinsa, aiki ne da za a iya farawa da wayar hannu, tun dattijon yana da ƙarfin riƙe makaɗi.